Wasiƙar Shanun Baffa Joda

Akwai wani mutum a Potiskum mai suna Kashim. A shekarar 1998, in ana maganar kwamfuta a garin, sunansa ake fara kamawa. Iyayensa mutanen Borno ne, amma a unguwar Bolewa aka haife shi. Ya yi karatu a Maiduguri, ya dawo da takardar shaida mai kyau, ya kuma dawo da girman kai wanda ya fi takardar nauyi.

Wata ƙungiya mai kula da lafiyar dabbobi ce ta ɗauke shi aiki. Ofishinsu ɗaki huɗu ne kacal, ba nisa da kara, inda ake cinikin shanu ranar Laraba.

Ku da kuke karanta wannan a waya, bari in ɗan yi muku bayani. A lokacin ba kowa ke da imel ba, kuma ba ya shigowa kowane minti. Kwamfuta ɗaya ce babba a ɗakin ƙurya, ma'aikata suna ce mata uwar garke. Kowace safiya takan buga layin tarho da kanta, ta yi ta ƙara kamar gyare, ta kwaso wasiƙun ofis, ta buga wa kowace ranar isowa, ta ajiye. Idan an ɗauke wuta ta mutu, to da zarar an kunna ta sai ta buga layin.

Wasiƙun sun haura dubu huɗu, nema ya zama wahala. Sai Kashim ya kafa wa injin fihirisa, wato jerin duk kalmomin da ke cikin wasiƙun. Ka rubuta sunan gari, ko na cuta, ko na mutum, nan take duk wasiƙar da kalmar take ciki ta fito. Hatta wasiƙun da suka iso yau, da fihirisar ake fito da su.

Har daga wasu ofisoshi ake zuwa kallo. Kashim yakan harɗe hannu ya ce, "Abin da injin nan bai nuna ba, babu shi."

Mutum ɗaya ce bayan shi ke taɓa injin. Sunanta Gumsu, kowa yana ce mata Ya Gumsu. Ta haura hamsin, mijinta ya rasu, tana zaune a unguwar Hausari. Shekara ashirin da uku ta yi tana kula da fayil a ofishin rajista kafin ta zo nan a matsayin mai buga tafireta. Ita take riga kowa zuwa. Ita ke kunna uwar garke in ta tarar da ita a kashe, ita ke fito da wasiƙun ranar a firinta ta kai teburin shugaba.

Wata safiya a farkon damina ta tare shi a bakin ƙofa.

"Malam Kashim, agogon injin nan fa yana komawa baya duk ranar da aka ɗauke wuta. Yau na ga ya rubuta wata shekara daban."

Ya shiga, ya danna wasu maɓallai, ya gyara agogon a tsaye.

"Shi ke nan. Ya Gumsu, ki riƙe tafiretarki, ki bar mini kwamfuta. Agogo ai ado ne."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta koma teburinta ta ci gaba da aiki. Daga ranar, duk lokacin da ya iso ya ga agogon ya koma baya, sai ya gyara ya wuce, bai sake tunanin abin ba.

A cikin watan ne wani Bafulatani mai suna Joda ya dawo da shanunsa daga kudu. Dattijo ne, ya gina gida a bayan unguwar Yerimaram, amma ransa yana garke. Shanu hamsin da uku gare shi. Sun dawo wasu suna rama, wasu suna hawaye, biyu suna tari.

Dokta Mu'az, shugaban ofishin, ya je ya duba su. Tarin nan ya tayar masa da hankali, don yana tsoron ciwon huhu, wanda in ya shiga kara zai bi motoci ya watsu ƙasa duka. Ya ɗebi jini ya aika wani ɗakin gwaji mai nisa. Ya sa aka killace garken a wani fili. Ba kasuwa, ba cuɗanya da wasu shanu, ba allura, sai an san abin da ke damunsu.

"Kwana goma, Baffa," in ji Dokta. "Sakamako zai zo ta injin nan."

Joda ya yarda. Rana ta goma ya zo ofis da sandarsa, ya cire takalmi a bakin ƙofa duk da an ce masa ba sai ya cire ba. Ya Gumsu ta kawo masa ruwa a kofi.

"Malam," ya ce wa Kashim da Hausarsa ta Fulani, "takarda ya zo?"

Kashim ya rubuta sunan Joda. Babu komai. Ya rubuta lambar jinin. Babu komai.

"Ba ta zo ba."

Haka rana ta sha biyu. Haka ta sha biyar. Joda ya daina zama, sai ya tsaya a ƙofa ya tambaya. Ran nan ya ce, "Uku sun kwanta, ba su tashi ba." Kashim bai ɗago kai daga allon ba.

Dokta Mu'az ya yi kwana uku yana neman ɗakin gwajin a tarho. Da ƙyar ya samu wani akawu, murya tana zuwa tana yankewa. Akawun ya ce an aika sakamako tun kwana goma sha ɗaya da suka wuce. Likitan da ya sa hannu ya fita karkara, fayil ɗin yana kulle a ofishinsa, sai ya dawo. Layi ya mutu.

Dokta ya kira Kashim da Ya Gumsu ofishinsa, ya rufe ƙofa.

"Sun ce sun aiko. Ina wasiƙar?"

Kashim ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, injin ba ya mantuwa. In wasiƙa ta shigo, fihirisa za ta kama ta. In an aiko kuma ba ta nan, to goge ta aka yi. Mu biyu ne ke taɓa injin. Ni kuwa na san abin da nake dannawa."

Ya Gumsu ta dube shi.

"Malam Kashim, ni kake nufi?"

"Ban ce da gangan ba."

"Dokta, wallahi ban goge komai ba. Ban ma san yadda ake gogewa ba."

Dokta mutum ne mai kirki, amma ya gaji, shanu suna mutuwa, kuma bai san kwamfuta ba. Ya ɗauki maganar wanda ya sani. Ya ce Ya Gumsu ta zauna a gida har a gama bincike.

Ta ɗauki daddumarta da kofinta. A ƙofa ta juyo ta ce, "Shekara ashirin da uku na yi a rajista, takarda ɗaya ba ta ɓace a hannuna ba. Allah yana gani." Ta fita.

Kun san halin gari. Kafin Laraba maganar ta isa kara, kuma ta isa da ƙari. Aka ce wani dillali ne ya saye ta don kada shanun Joda su shiga kasuwa. Ba wanda ya san sunan dillalin, amma kowa ya san sunanta.

Bayan kwana shida aka yi ruwa mai iska, aka ɗauke wuta. Da safe Kashim ne ya buɗe ofis, tun da yanzu aikin ya koma kansa. Ya tayar da janareto, ya kunna uwar garke. Ta buga layi, ta yi ƙararta, ya gani da idonsa a allo cewa wasiƙa uku sun shigo. Ya gyara agogo kamar yadda ya saba. Sannan ya nemi wasiƙun ranar don ya fito da su.

Babu ko ɗaya.

Ya sake nema. Babu. Ba kowa a ofishin sai shi. Ya Gumsu tana Hausari, kwananta shida ba ta taka nan ba.



Ya fara bi a hankali. Ya duba ko faifan ya cika, ya ga da sauran wuri. Ya nemi wata tsohuwar wasiƙa da ya sani, ta fito nan take, ke nan fihirisar ba ta lalace ba. Ya umarce ta ta sabunta kanta, ta amsa cewa babu sabon abu. Ya kashe injin ya kunna, bai canja komai ba.

Daga ƙarshe ya yi abin da ya kamata ya yi tun ranar farko. Ya bar fihirisar, ya buɗe ma'ajiyar wasiƙun kanta. Injin ya nuna akwai wasiƙa dubu huɗu da ɗari uku da sha takwas. Ya duba fihirisa, ta san dubu huɗu da ɗari uku da ɗaya kawai.

Sha bakwai suna cikin injin, amma fihirisa ba ta san da su ba.

Ya jera wasiƙun bisa ranar isowa, ya riƙe maɓalli yana gangarawa. Ya wuce na bana, ya wuce na bara, ya wuce wasiƙar farko da ofishin ya taɓa karɓa. Can ƙasa, inda ba wanda ke zuwa, ga su a jere. Duka sha bakwai an buga musu rana guda: ɗaya ga Janairu, 1980.

Nan ya gane komai. A cikin kwamfuta akwai wani ɗan batir kamar kwabo, shi ke riƙe agogo in babu wuta. Batirin ya mutu. Duk safiyar da aka kunna injin bayan ɗauke wuta, yakan farka yana zaton 1980 ake ciki, ya buga wa sababbin wasiƙu wannan ranar. Fihirisa kuwa shi da kansa ya tsara ta, ta ɗauki abin da ya iso bayan sabuntawarta ta ƙarshe kawai. In ta ga 1980 sai ta ɗauka tsohon kaya ne, ta tsallake.

Ba wanda ya goge komai. Matar da ya ce ta riƙe tafireta ta nuna masa cutar tun kafin ta yi ɓarna.

Wasiƙa ta tara ita ce ta ɗakin gwaji. Ya buɗe ta. Babu ciwon huhu a shanun Joda. Sammore ne, wanda ƙudan tsando ke sa wa shanu a kudu. A yi musu allura ba tare da jinkiri ba.

Maganin sammore yana cikin kabad ɗin ofishin, taku goma daga inda yake zaune.

Yana fito da takardar a firinta Dokta Mu'az ya shigo. Ya karanta a tsaye, ya kama kafaɗar Kashim.

"Allah ya yi maka albarka! Har abin da aka goge kake iya tonowa?"

Jama'a, a nan ne aka gwada Kashim. Dokta bai san batir ba, bai san 1980 ba. Da zai gyara ranakun ya sa sabon batir, magana ta mutu. Sunansa ya ƙara girma, laifi ya zauna inda aka ajiye shi.

Kashim ya yi shiru. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Dokta ya ɗauki shirun a matsayin e.

Suka loda magani a mota suka nufi filin da aka killace shanun. Tun daga nesa suka ga ungulu. Shanun da suka rage suna tsaye kai a ƙasa, haƙarƙari a waje. Sha ɗaya sun mutu.

Joda ya taso. Dokta ya karanta masa takardar, ya fassara. Dattijon ya saurara har ƙarshe.

"Yaushe takarda ya zo?"

"Kwana goma sha bakwai ke nan, Baffa."

"Magani kuma?"

"Yana ofis tun da."

Joda ya dogara da sandarsa. Ya nuna wani wuri da aka tone aka rufe. Ya ce farar saniyar da ke nan jikar jikar wadda mahaifinsa ya ba shi ce ranar da ya fara kiwo. Ya faɗi sunanta da Fulatanci.

Sannan ya ce, "Matar nan, ruwa take ba ni in na zo. Ashe haka cikinta yake. Ba zan kai ta kotu ba. Na bar ta da Allah. Duk sallar da zan yi, sai na kai ƙararta."

Kashim yana riƙe da kwalbar magani. Ya ajiye kwalbar a kan mota.

"Baffa, ba ita ba ce."

Dokta ya juyo.

"Ba ta goge komai ba. Takardar tana cikin injin tun ranar da ta zo. Agogon injin ne ya lalace, ya ɓoye ta. Ya Gumsu ta gaya mini agogon yana komawa baya, na yi mata dariya. Da na duba, da ranar farko mun gani. Ni ne. Kuma ɗazu da Dokta ya tambaye ni, na yi shiru don in tsira."

Wani maraƙi ya yi kuka.

Dokta Mu'az ya cire tabarau ya rufe ido da hannu. "Ni kuma na kore ta ban bincika ba," ya ce a hankali.

Joda ya dubi Kashim. "Da ka yi shiru, wa zai sani?"

"Ba kowa, sai Allah."

"Shanuna ba za su tashi ba. Amma ka hana ni kai ƙarar wadda ba ta cuce ni ba, wannan na gode. Yafiya kuwa kada ka roƙe ni yau. Ɗauki allura, kama mini wancan bijimi."

Har la'asar suna yi wa shanu allura. Kashim, wanda ko ƙura ba ya bari ta taɓa wandonsa, ya koma gari da kashin shanu har gwiwa.

Bai je gida ba. Ya wuce Hausari. Ya Gumsu ta fito zaure, ƙanenta yana zaune a gefe. Kashim ya durƙusa ya faɗi komai, bai rage ba.

Ta saurare shi, ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba.

"Malam Kashim, a ɗaki ka faɗi maganarka, mutum uku. Amma a kara ta girma. Shekaranjiya na je gidan suna, ina shiga mata suka yi shiru. Na yafe maka tsakanina da Allah. Sunana kuwa ba a zauren nan ya faɗi ba, ba a nan za ka ɗauko shi ba."

"Me kike so in yi, Ya Gumsu?"

"Gobe Laraba."

Washegari da hantsi, lokacin da kara ta cika, Kashim ya je rumfar shugaban dillalai ya nemi izini. Aka ba shi benci ya hau. Ga Fulani, ga fatake, ga direbobin manyan motoci, ga mutanen da jiya suke kiransa Injiniya. Ya ce Ya Gumsu ba ta karɓi komai a hannun kowa ba, ba ta ɓoye takarda ba. Ya ce sakacinsa da raina mutane suka kashe shanu sha ɗaya. Wani ya yi masa ihu, wani ya tofar da yawu. Bai sauka ba sai da ya maimaita sau biyu, don na baya su ji.

Dokta Mu'az ma ya je gidanta da kansa ya ba ta haƙuri. Ranar Alhamis ta koma aiki. An rage wa Kashim matsayi, bai yi gardama ba. Ya sa sabon batir, ya rushe fihirisar ya sake gina ta daga farko, ya kuma sa injin ya riƙa kwatanta yawan wasiƙu da abin da fihirisa ta sani kowace safiya. Ya ja kujera ya nuna wa Ya Gumsu yadda ake kowane mataki. Cikin mako biyu ta iya.

Tare suka zauna suna karanta sauran wasiƙu sha shida, don a nemi masu su. Akwai ta taro, akwai ta odar magani, akwai gaisuwa. Ta ƙarshe sunan Kashim ke kanta. Wata cibiya a ƙasar waje ta ɗauke shi kwas na wata shida, abin da ya shekara biyu yana nema. An ba shi mako uku ya amsa. Wa'adin ya cika kwana huɗu da suka wuce, an ce in ba a ji shi ba za a ba wani.

Ya karanta sau biyu. Ya jingina da kujera, ya ce, "Na cancanci haka."

Ya Gumsu ta karɓi takardar ta ninke, ta miƙa masa.

"Kada ka ce haka. Allah ya musanya maka da mafi alheri, ƙanena."

A kara bai yi hawaye ba, a gaban Joda bai yi ba. A nan ya kifa kai a tebur ya yi kuka.

Shanu arba'in da biyu da suka rage sun warke. Joda ya yi shekara biyu in sun haɗu da Kashim a hanya sai dai ya amsa sallama ya wuce. A shekara ta uku, bayan sallar Juma'a, shi ya fara miƙo hannu.

Darasi: Rashin ganin abu ba shi ne rashinsa ba, don haka ka bincika sosai kafin ka ɗora wa wani laifi. Kada ilminka ya sa ka raina wanda ya nuna maka kuskure, ko da kana ganin bai kai ka ba. In kuwa ka gano kai ne mai laifi, ka faɗa da bakinka, kuma ka wanke wanda ka ɓata a wurin da sunansa ya ɓaci. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan aiki, wataƙila akwai wanda ake zargi yau a kan abin da ba a duba ba.